Sau-Ɗaya da Mai Tayil

Sunan da ke rubuce a katin aikinta daban ne, amma duk asibitin Sau-Ɗaya ake ce mata. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata shi tun tana sabuwar ɗauka, don ba ta soka allura sau biyu. Ko hannun waye, na ƙaton da jijiyarsa ta nutse cikin tsoka ko na tsohuwar da fatarta ta yi laushi kamar takarda, za ta ɗaura roba a damtse, ta shafa da yatsa biyu tana kallon bango kamar mai sauraron wani abu, sai kawai ka ga jini ya hau kwalba. Shekara ashirin da shida ke nan tana ɗibar jini a ɗaki guda, a ƙarshen barandar hawa na biyu. Kujera ɗaya ce a ciki, mai hannu, an naɗe hannun da filasta inda ya tsage. Sai kwanon auduga, da taga mai kallon wurin ajiye motoci.

Talata ce ranar masu ciwon zuciya. Yawancinsu waɗanda aka sa wa raga ne, wato 'yar ragar ƙarfe da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, wadda ake zurawa cikin jijiyar zuciya a buɗe wurin da ya toshe. Duk wanda aka sa wa, sai a ɗora shi kan magani biyu masu hana jini daskarewa, don kada gudan jini ya toshe ragar. Damuwar ita ce, maganin da ya hana jini daskarewa a zuciya, zai hana shi a ko'ina, a dasashi, a hanci, har cikin ciki. Shi ya sa in shekara ta kusa zagayowa, sai likita ta zauna ta auna: wannan a ci gaba da ba shi biyun ne, ko a janye masa ɗaya? In aka janye da wuri, raga na iya toshewa. In aka daɗe, mutum na iya zubar da jini ta inda ido ba ya gani.

Likitar da ke wannan awon ba ta fi shekara biyu da zuwa ba. Siririyar mace ce mai saurin tafiya, kullum da biro biyu a aljihun farar rigarta. Ta zo da wani fom mai gida biyar: shekarun mutum, yawan jininsa, lafiyar ƙodarsa, fararen ƙwayoyin jininsa, sai kuma ko ya taɓa zubar da jini. A cike, a haɗa maki. Mai maki kaɗan ya ci gaba da magani biyu, mai maki da yawa a rage masa. Gida uku daga cikin biyar ɗin nan daga kwalaben Sau-Ɗaya suke fitowa, amma tsakaninta da likitar ba abin da ya taɓa wuce ina kwana, lafiya lau.

Cikin 'yan Talata akwai wani dattijo mai shimfiɗa tayil, ɗan shekara sittin da biyu. Wata goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗi a banɗakin wani gida yana tsaka da aiki, aka kawo shi ranga-ranga, aka sa masa raga. Tun da ya farfaɗo bakinsa bai huta ba. Duk zuwan da zai yi, kafin ya zauna sai ya ƙwanƙwasa ƙasan ɗakin da diddigensa.

"Kin ji ko, ƙanwata? Kin ji ƙarar? Rami ne a ƙarƙashi. Wanda ya yi muku aikin nan, siminti ya shafa masa kamar mai shafa man gashi."

"To Yaya, ai sai ka zo ka gyara mana."

"Ni? Ku da ke tsotse mini jini duk wata?"

Wannan Talatar bai ƙwanƙwasa komai ba. Ya shigo yana haki, ya dafa hannun kujera ya zauna da ƙyar, ya ce matakalar nan an ƙara mata tsawo. Sau-Ɗaya ta yi dariya, ta naɗe masa hannun riga. A nan ta ga jini ya kwanta masa a damtse, faɗin tafin hannun yaro, ga wani kuma kusa da wuyan hannu.

"Me ya buge ka a nan?"

"Oho. Mai aikin hannu yana ƙirga abin da ya buge shi?"

Ta ɗebi jinin, ta zare allura, ta danna auduga. Da ta ɗaga, jini ya sake tsattsafowa. Ta sa wata. Sai da ta canza auduga uku, tana kallon agogon bango, kafin ya tsaya. Duk mai shan maganin nan jininsa kan ɗan jima, wannan ta sani. Amma hannun mutumin nan ta san shi, sau goma tana riƙe shi, bai taɓa wuce auduga ɗaya ba. Ta juya tafinsa kamar mai gyara masa zama. Duk da kantar da aiki ya yi masa, layukan tafin sun yi fari fat.

Ya sa ɗaya hannun a aljihu zai ciro katinsa, sai wani sacet na ƙwaya ya biyo katin ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka. Maganin ciwon jiki ne mai ƙarfi, irin wanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Saura ƙwaya biyu a ciki.

"Yaya, wannan fa?"

"Na gwiwa ne. Shekara arba'in ina durƙuso a kan siminti, kin ga laifina? Na samu aikin wani otal, banɗaki goma sha shida. In ban sha biyu da safe, biyu da rana ba, ko ɗaki ɗaya ba zan gama ba."

"Tun yaushe?"

"Wata uku, ko ya ɗan fi."

"Likita ta sani?"

"Ta tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce a'a. Wannan ai ba magani ba ne, na gwiwa ne kawai."

Sau-Ɗaya ta tashi ta tura ƙofa ta rufe. A waje mutum goma sha huɗu ne a kan benci, ta ji wani ya yi tsaki. Ta dawo ta ja 'yar kujerarta kusa da shi, ta rage murya.

"Zan yi maka wata tambaya, ka yi haƙuri, ka ɗauka yayarka ce ba ƙanwarka ba. In ka zaga, kana waiwayawa ka ga abin da ya fita?"

Ya kalle ta, ya kawar da kai wajen taga. "Haba, ke kuwa."

"Na sani. Amma faɗa mini. Launinsa ya canza?"

Can ya ce, "Ya yi baƙi. Kamar kwalta. Sati biyu ke nan, yana zuwa yana tafiya. Na ɗauka ƙwayoyin likita ne suka rina shi."

"Jini ne, Yaya. In jini ya zuba a cikin ciki, haka yake fita, baƙi. Maganin gwiwar nan yana cin bangon ciki, na zuciyar kuma ya hana wurin ya tsaya."

Idonsa ya fito. "To shi ke nan, daga yau na ajiye na zuciyar."

"Kul!" Ba ta san ta ɗaga murya ba sai da ta ji kanta. "Ko da wasa kada ka ajiye da kanka. Ragar nan za ta iya toshewa cikin kwana kaɗan. Ba ni zan ce a rage ba, ba kai za ka ce ba. Likita ce za ta auna. Amma ba za ta auna daidai ba in ba ta san wannan ba."

Nan ya fara roƙo. Ya ce in likita ta ji, kwantar da shi za ta yi, saura banɗaki bakwai, ya ba mai otal alkawari, mutum huɗu ne ke aiki a ƙarƙashinsa. Ya ce ta bari ya gama, wata mai zuwa shi da kansa zai faɗa. Sau-Ɗaya ta saurare shi har ya gama.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce. "In ka shiga ka faɗa da bakinka, ya fi mini daɗi. In ba za ka faɗa ba, ni zan je. Ba a bayan idonka zan yi ba, shi ya sa nake gaya maka."

Ya miƙe, ya fizgi sacet ɗinsa. "Dama ana cewa kada ka saki jiki da mutanen asibiti. Ki yi abin da kika ga dama." Ya fita bai rufe ƙofar ba.

Akwai doka a ɗakin gwaji, shugabansu kan maimaita ta duk taron wata: namu ɗiba da aunawa, fassara ta likita ce. Sau-Ɗaya ba ta taɓa taka dokar nan ba. Ta ɗebi jinin mutum uku, hankalinta na kan agogo. Ƙarfe sha ɗaya Mai Tayil zai shiga wurin likita, ta kuma san halinsa, zai ba likitar dariya ne ya fito da takardar magani biyu ta wata shida. Sha ɗaya saura kwata ta cire safar hannu, ta ce wa na kan benci su yi mata haƙurin minti goma. Ta bi barandar har ƙarshe. Taku hamsin ne bai cika ba, amma a shekara ashirin da shida ba ta taɓa yinsa da magana a bakinta ba.

Likitar na rubutu, ba ta ɗago sosai ba. "Anti, lafiya? Kwalba ce ta ɓata?"

"A'a, Likita. A kan dattijon nan ne mai tayil."

Likitar ta jawo fayil ɗinsa, sakamakon safiyar ya riga ya shigo kwamfuta. "Jininsa ya ɗan sauka, amma bai faɗi ƙasa ba. Ƙoda lafiya. Makinsa kaɗan ne. Ragarsa doguwa ce, so nake ya ci gaba da biyun." Ta faɗi haka da muryar mai jiran a ba ta wuri.

Sau-Ɗaya ta ji ƙafarta na so ta juya. Ta riƙe bakin tebur. "Gida na biyar, Likita. An rubuta bai taɓa zubar da jini ba. Yana zubarwa yanzu haka." Ta faɗi audugar nan uku, da kwanciyar jinin, da farin tafi, da sacet, da abin da ya gaya mata bayan ta rufe ƙofa.

Biron ya tsaya. Likitar ta koma kan kwamfuta, ta jawo sakamakon yawan jininsa na watannin baya ta jera su. Sha huɗu da ɗigo biyu, sha uku da rabi, yau sha biyu da ɗigo huɗu. Kowanne shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma a jere gangara ce.

"Ni da kaina na tambaye shi," ta ce a hankali. "Sau biyu."

"Kin tambaye shi ko yana zubar da jini. A wurinsa jini ja ne."

Likitar ta dubi Sau-Ɗaya sosai, karo na farko. Sannan ta tashi ta leƙa waje da kanta ta kira shi. Sau-Ɗaya ba ta tsaya ba, ta koma ɗakinta. Bayan rabin awa ta hango shi ta ƙofa, ana tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin kwanciya, hularsa a kan cinya. Suka haɗa ido, ya kau da kai.

Kafin a tashi shugaban ɗakin gwaji ya kira ta ofis. Mutum ne mai son tsari, ko biro ba ya ajiyewa a karkace. Ya ce an kawo masa ƙara, ta bar mutane a kan benci ta tafi yawon ba da shawara.

"In da kin yi kuskure fa? In aka duba ba a ga komai ba, wa za a ce ya tayar da hankalin mara lafiya? Ni za a kira."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To?"

"In gobe na sake ganin irin haka, zan sake zuwa. Gara in faɗa maka tun yanzu."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Je ki."

Mijinta gyaran keken ɗinki yake yi, shagonsa na manne da gidansu. Da ta dawo da yamma ta same shi ya wargaza kan wani tsohon keke a kan jarida, yana jera ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Ta zauna a bencin masu jira ko jaka ba ta ajiye ba, ta ba shi labari tun daga auduga har ofishin shugaba.

"To yanzu me ke damunki?" ya ce. "Faɗan shugaba?"

"A'a. Mutumin nan ya yarda da ni ne ya faɗa mini. Da ka ga kallon da ya yi mini."

"Mai kallon banza ai mai rai ne, Maman yara. Bar shi ya yi ta harara." Ya ɗiga mai a cikin keken, ya juya ƙafar da hannu. "Ni abin da ya ba ni mamaki, ke da ko a taron iyayen yara ba kya iya tashi ki yi magana, yau ke ce har ofishin likita?"

"Gwiwata har yanzu rawa take."

"Kada dai ki sha mata na kemis."

Ta jefe shi da tsumman mai.

Washegari da safe aka zura wa Mai Tayil 'yar kyamara ta baki aka duba cikinsa. Aka sami gyambo, bai fi ƙwayar wake ba, yana tsattsafar da jini a hankali. Aka ƙone bakinsa ya tsaya. Likitar ta hana shi maganin gwiwar kwata-kwata, ta ɗora shi kan na kare ciki. Da yake ragar ta kusa shekara, ta zauna daram, sai ta janye masa ɗaya daga cikin magungunan zuciyar ta bar shi da ɗaya.

Sau-Ɗaya ba daga fayil ta ji wannan ba. Ranar Alhamis da azahar, layi ya ƙare tana goge tebur, sai ga likitar a bakin ƙofa. Ta shigo, ta duba ba wurin zama sai kujerar ɗibar jini, ta zauna a kai, ta ɗora hannu kan filastar nan.

"Da na ba shi wata shida a kan biyun, tare da abin da yake sha, ban san a yaya za a dawo mini da shi ba," ta ce. "Anti, so nake ki koya mini yadda kika tambaye shi. Kalma da kalma."

Sau-Ɗaya ta rasa inda za ta sa hannunta, sai ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya bushe. Ta ce ba wata dabara ba ce. Mutum in yana gaban likita, so yake a ce masa ya warke, don haka amsar da za ta kai shi gida yake bayarwa. A nan kuwa hannunsa na cikin nata, dole ya zauna minti biyu yana danne da auduga, ba abin yi sai hira. Kuma ba a cewa "kana shan wani magani?" Sai dai a ce, "in gwiwa ko baya ya dame ka, me kake sha?" Ba a cewa "kana zubar da jini?" Sai a tambayi buroshin haƙori, a tambayi matashin kai, a tambayi banɗaki.

Likitar ta rubuta duka a bayan wata takardar magani. Sati biyu bayan haka aka bugo ƙaramin kati mai tambaya huɗu, wanda za a riƙa cikewa a ɗakin ɗibar jini a maƙala wa fom ɗin maki. Ta huɗun Sau-Ɗaya ce ta nace a ƙara: "Akwai ranar da ka ajiye maganin zuciya da kanka?" Shugaban ɗakin gwaji ya fara da cewa wannan ƙarin aiki ne da ba ya cikin tsari. Da ya ga babu makawa, sai ya ce to lallai a buga sunan sashensa a saman katin, da manyan baƙaƙe.

Mai Tayil bai dawo hannunta ba sai bayan wata guda. Matarsa ce ta fara shigowa, doguwar mace mai kunya, ta riƙe hannun Sau-Ɗaya da hannu biyu tana ta godiya. Shi kuwa ya tsaya a ƙofa yana duban silin. Ya yi ƙiba kaɗan, leɓensa ya dawo da launinsa.

"Banɗaki bakwai," ya ce. "Ƙanena ne ya ƙarasa. Na je na gani, layin ya karkace a uku. Sunana ne a kan aikin."

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

"Ban ce na yafe ba tukuna." Ya zauna ya miƙa hannu. "An ba ni wani abu kamar matashi in riƙa ɗaurawa a gwiwa. Yaran aiki sai dariya suke mini, wai na zama mai tsaron gida a ƙwallo." Da ta danna auduga ta ɗaga, wurin ya tsaya tsaf. Ya leƙa ya gani, ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa, "Abokaina biyu na hana su shan abin nan. Ɗaya har na ƙwace na zuba a kwata."

Katin ya yi shekara yana aiki. Cikin mutum ɗari uku da 'yan kai, arba'in da ɗaya suka amsa suna shan maganin ciwon jiki na kemis, alhali a fayil an rubuta ba sa shan komai. Tara aka samu da alamar jini a ciki. Shida kuma sun ajiye maganin zuciya da kansu don sun ga jini a buroshi, aka zaunar da su aka yi musu bayani, aka mayar da su kai. Ba kowa katin ya kama ba. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta, mai tsafta da fara'a, da ta amsa a'a ga duk tambayoyin, bayan sati uku aka kawo ta tana aman jini. Ta rayu, amma sai da aka ƙara mata leda huɗu. Sau-Ɗaya ta yi kwanaki tana juya hirarsu a ranta, tana neman inda ta yi sake. Daga baya ta gane 'yar matar na tsaye a ɗakin lokacin da ta yi tambayar. Tun daga ranar, kowa ya rako mara lafiya, a waje yake jira.

Da shekara ta cika, likitar ta ce za ta gabatar da sakamakon a taron likitocin asibitin, kuma tana so Sau-Ɗaya ta yi magana minti biyar. Sau-Ɗaya ta ce a kai kasuwa. Likitar ta ce ta riga ta sa ta a jadawali.

Zauren taron na hawa na huɗu, ba ta taɓa shiga ba sai ranar. Kujeru ja, sanyin na'ura har cikin ƙashi, likitoci sun kai sittin. Likitar ta nuna zane-zanenta a bango, ta yi bayanin yadda makin mutum talatin ya canza bayan an haɗa da katin. Sannan ta ce, "Wadda ta tsara tambayoyin nan tana nan, ita za ta faɗa muku sauran." A jikin bangon, ƙarƙashin sunan likitar, Sau-Ɗaya ta ga cikakken sunanta, wanda rabonta da ta ji an kira shi a asibitin har ta manta.

Ta tashi da takardar da ta kwana uku tana rubutawa. Layi biyu ta karanta, baƙaƙen suka fara rawa. Sai ta ninke takardar ta ba su labarin auduga uku, yadda ta ba mijinta a shago.

Da ta gama, wani babban likita mai furfura a layin gaba, wanda ya koyar da rabin mutanen ɗakin, ya ɗaga hannu. Ya ce aikin ya yi kyau, amma shi a shekara talatin da biyar bai taɓa sallamar mara lafiya bai tambaye shi magungunan da yake sha ba. Me ya bambanta?

Sau-Ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba za ka ji haushi ba, kai kana shan wani magani?"

"Ni? Ko ɗaya."

"Na ga da za ka zauna ka dafa ƙugu. In bayan nan ya matsa maka, me kake yi masa?"

Hannunsa ya kai aljihun kwat da kansa. Zauren ya fashe da dariya, shi ma ya yi, har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "A ba ni katin nan guda ɗari, a kai sashena." Shugaban ɗakin gwaji, da ke can baya, shi ya fi kowa tafi, yana gaya wa na kusa da shi cewa ma'aikaciyarsa ce, shi ya rene ta.

Da yamma ta sauka daga mota a bakin layinsu, ta taho a ƙasa, takalmin taron na matse mata yatsa. Tun kafin ta kai shago ta jiyo muryar mijinta. Teloli biyu ne zaune a benci suna jiran kekunansu, ya ajiye sukudireba ya tsaya a tsakiyar shago yana ba su labari da hannu da ƙafa.

"Likita ɗari biyu! Manya-manya, wasu daga ƙasashen waje. Ta tsaya a gabansu ta ce, ku duk ba ku iya tambaya ba, ku zauna in koya muku. Wallahi babbansu har kuka ya yi."

Ta tsaya a jikin bango inda ba zai gan ta ba, ta cire takalmin ta riƙe a hannu, ta saurara har ya kai inda aka ce wai za a ba ta ofis mai na'urar sanyi. Sannan ta leƙa.

"Baban yara, sittin ne. Kuma dariya ce ta sa shi hawaye."

Bai ko ji kunya ba. Ya nuna ta da hannu biyu, ya ce wa telolin, "Ga ta nan. Ku tashi ku ba ta wuri."

Suka matsa. Ta zauna, ta miƙe ƙafafunta, ta ce a sa mata ruwan shayi, gobe tana da mutum talatin a layi.